Lamba, Gida da Fili: Al'adun Ɗalibai a Kwalejin Katsina da Magajiyarta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar gasar wasanni tsakanin gidaje a wata makarantar sakandare ta ƙasar Kontagora, ko a Nasko ne, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Magama, ko a Rijau, ko a cikin garin Kontagora, zai ga wani abin lura. Ɗalibai sukan rabu gida-gida, kowane gida da sunansa da launin rigarsa da kyaftin ɗinsa, a yi fareti, a yi tsere, a ɗaga kofi. Ana yin haka ko da makarantar ta jeka-ka-dawo ce, wadda ba ta da ɗakin kwana ko ɗaya. Wato ga gida, amma babu gini. Wannan ya nuna cewa kalmar "gida" a bakin ɗalibi ta wuce wurin kwana, ta koma sunan wata ƙungiya da ake shiga, a yi mata kishi, a riƙe ta har tsufa.

Maƙalar nan za ta bi sawun wannan al'ada da 'yan'uwanta zuwa wata ƙaramar kwaleji da aka kafa a birnin Katsina a 1921. Za a duba yadda lambar shiga da gidan kwana da filin wasa da harshe suka haɗa yaran da suka fito daga masarautu dabam-dabam har suka zama kamar dangi guda. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, al'adun nan sun kama ƙasa ne domin sun tarar da makamantansu a cikin rayuwar Hausawa, kuma zumuncin da suka gina ya yi wa Arewa rana, ya kuma bar mata tabo. Ƙasar Kontagora tana da hannu a cikin wannan tarihi tun daga farkonsa, kamar yadda za a gani.

2.0 Kafuwar Kwalejin Katsina

Ilimin boko na gwamnati ya fara a Arewa da makarantar da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Daga nan aka yi ta buɗe makarantun lardi a manyan garuruwa. Ba a daɗe ba sai matsalar malamai ta taso, domin Turawan da ke koyarwa ba su da yawa, gwamnati kuma ba ta son ɗauko malamai daga Kudu. Maganin da aka samo shi ne a kafa kwalejin horon malamai guda ɗaya wadda za ta yi wa dukkan masarautun Musulmi hidima.

An zaɓi Katsina bisa dalilai sanannu. Na farko, birni ne mai tsohon suna a fagen ilimi, garin Gobarau da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Na biyu, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906-1944) ya karɓi al'amarin hannu bibbiyu. Na uku, layin dogo bai ratsa Katsina ba, saboda haka Turawa suna ganin ɗalibai za su yi nesa da jaridun Ikko da ra'ayoyin da ke cikinsu. An fara karatu a 1921, sa'an nan Gwamna Hugh Clifford ya buɗe kwalejin bisa ƙa'ida ranar 5 ga Maris, 1922. A jawabinsa ya nuna cewa ana son matasan da za a horar su koma garuruwansu su koyar da ilimi da ladabi, ba tare da sun yar da addininsu ko girmama sarakunansu ba.

Ginin kwalejin na ƙasa ne, na tubali da azara, irin na magina Hausawa. Karatun shekara 5 ne, kuma da Ingilishi ake yin sa. Ɗalibai sun ci gaba da sa riga da hula irin na gida. A cikin malaman farko akwai Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya daɗe yana koyar da Larabci da addini, daga baya ya zama Walin Katsina. Mutumin Kagara ne, garin da a farkon mulkin Turawa yake cikin Lardin Kontagora, yanzu kuma yake cikin Jihar Neja. Ƙanensa Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya yi karatu a kwalejin daga 1927 zuwa 1932.

3.0 Abin da Ɗalibai Suka Zo da Shi Daga Gida

Kafin a shiga bayanin al'adun kwalejin, ya kamata a tuna cewa yaran da aka kai Katsina ba su je da hannu sake ba. Kusan dukkansu sun yi makarantar allo, kuma makarantar allo tana da nata tsarin na zaman tare. A tsangaya akwai matakai sanannu, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har a kai ga alaramma da gwani. Babba yana biya wa ƙarami, yana kuma da ikon horonsa. Akwai ranakun hutu na Alhamis da Juma'a. Akwai sadakar da iyaye kan yi idan yaro ya kai wata sura, akwai kuma babban biki na saukar Alƙur'ani, inda ake zayyana allo, ɗalibi ya yi karatu a gaban jama'a, a yi walima. Haka kuma barin gari don neman ilimi tsohuwar al'ada ce. Almajirin da ya taso daga Nasko ko Kagara ya nufi Zariya ko gabas ya san zai kwana da waɗanda ba danginsa ba, su ci a akushi ɗaya.

A ɗaya ɓangaren, Turawan da suka tsara kwalejin sun fito ne daga makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila, irin su Eton da Harrow. Can ma akwai gidaje, akwai manyan ɗalibai masu iko a kan ƙanana, akwai wasanni da ake ɗauka a matsayin hanyar gyaran hali. Da tsarin biyu suka haɗu a Katsina sai kowanne ya ga fuskarsa a cikin ɗan'uwansa. Bature yana ganin ya dasa al'adar ƙasarsu, yaro kuwa yana ganin gardi da kolo ne aka sake wa suna.

4.0 Al'adun da Suka Gina Zumunci

4.1 Lamba

Al'ada ta farko da ɗalibi ke cin karo da ita ita ce lambar shiga. Tun daga ɗaliban farko ake ba kowa lambarsa bi da bi, ba a sake farawa daga ɗaya a sabuwar shekara, ba a kuma ba wani lambar wani. Ko da kwalejin ta tashi daga Katsina ba a yanke lissafin ba. Ahmadu Bello, wanda ya shiga a 1926, lambarsa 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928, lambarsa 145. Shehu Shagari ya shiga a 1941, lokacin kwalejin tana Kaduna, lambarsa 394. Yakubu Gowon yana da 783, Murtala Muhammad kuma 941, dukkansu a Zariya.

Waɗannan alƙaluma suna bayyana ƙanƙantar kwalejin fiye da kowane dogon bayani. A cikin shekara 20 na farko, duk waɗanda suka shiga ba su wuce 400 ba, wato kimanin mutum 20 a shekara, daga yankin da ya fi rabin Nijeriya faɗi. A irin wannan wuri babu wanda zai ɓace a cikin taro. Kowa ya san kowa, ya san garinsu, ya san laƙabinsa.

Amfanin lamba ga hukuma shi ne sauƙin rajista. A wurin ɗalibai kuwa sai ta zama ma'aunin girma. Bahaushe ya ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma a al'adarsa ko tagwaye sai an bambance Hasan da Husaini. Lamba ta samar da irin wannan jeri a tsakanin mutanen da ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Mai ƙaramar lamba shi ne wa, ko da ɗan talaka ne, mai babbar lamba kuma ƙane, ko da ɗan sarki ne. Tsofaffin ɗalibai sun riƙe al'adar rubuta lambarsu a gefen sunansu, da harafin B a gabanta, tamkar wata sarauta da ba a tuɓewa.

4.2 Gida

A Katsina an raba ɗalibai cikin gidaje. Huɗu an kira su da sunayen kusurwoyin duniya, wato gabas da yamma da kudu da arewa, sa'an nan akwai Hankaka da Illela. Kowane gida yana da babban ɗalibi da ke kula da tsabta da ladabi da fita wasa. Muhimmin abu a nan shi ne, gida ya zama wani sabon asali da aka ɗora a kan na haihuwa. Kwalejin ta tara Basakkwace irin Ahmadu Bello, da Babarbare irin Kashim Ibrahim, da Banufe irin Aliyu wanda ya zama Makaman Bida, da Sulaimanu Barau daga Abuja, da Yahaya wanda ya zama Madawakin Ilori, da Isa Kaita na nan ƙasar Katsina. Kakannin wasu daga cikinsu sun yaƙi juna a ƙarni na 19. Borno ba ta taɓa bin Sakkwato ba, Abuja ma haka. Amma a ranar gasa, Babarbare da Bafillace na gida ɗaya su ne 'yan'uwa, abokin hamayya kuwa shi ne na ɗaya gidan, ko da garinsu ɗaya.

Bayan kwalejin ta koma Zariya sai gidajen suka ɗauki sunayen mutane: Lugard, Clifford, Ɗan Hausa, Malam Smith, Bienemann, Mort, Bello Kagara da Nagwamatse, daga baya aka ƙara Ja'afaru da Sulaimanu Barau. Jerin nan kansa darasi ne ga mai nazarin suna. Biyu daga cikin Turawan ba a tuna da su da cikakken sunansu na yanka ba, sai da irin sunan da Hausawa suka kira su. Bienemann da Mort shugabannin kwalejin ne. Ja'afaru Sarkin Zazzau ne (1937-1959), Sulaimanu Barau kuma tsohon ɗalibi ne da ya zama Sarkin Abuja (1944-1979). Nagwamatse suna ne mai tsohon tarihi a Sakkwato da Kontagora. Yaron da ya kwana shekara 5 a Gidan Bello Kagara ya haddace sunan wani malami ɗan ƙasar Neja tun kafin ya san littafin da ya rubuta.

4.3 Fili

Wasanni ba abin ganin dama ba ne a kwalejin, wajibi ne. An yi kurket da ƙwallon ƙafa da guje-guje, amma wasan da ya fi zama tambarin kwalejin shi ne fayis. Wasa ne na mutum huɗu, biyu da biyu, da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango mai fuska uku. Asalinsa daga makarantar Eton ne, inda ɗalibai suka fara buga shi a jikin bangon majami'arsu. Wani malami Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kabi da Katsina a shekarun 1920, shi ake danganta wa kawo shi Arewa. A nan sai wasan ya sauya kama, aka riƙa buga shi da ƙwallon tanis mai laushi maimakon ƙwallo mai tauri ta Ingila.

Ahmadu Bello ya zama kyaftin na fayis a kwalejin, kuma ya ba da labarin sha'awarsa ga wasan a cikin littafin tarihin rayuwarsa, My Life (1962). Bai daina bugawa ba har yana Firimiyan Jihar Arewa. Malaman da kwalejin ta yaye su ne suka yaɗa wasan, domin sun tafi da shi makarantun da aka tura su. Ta haka ne wasan da a Ingila ya tsaya a tsakanin 'yan makarantu ƙalilan ya zama wasan gari a Katsina da Sakkwato da Birnin Kabi, har aka sanya kofi da sunan Sardauna.

Dalilin da ya sa fayis ya dace da gina zumunci a fili yake. Mutum ɗaya ba ya buga shi, sai da abokin tafiya, kuma bisa al'adarsa 'yan wasa ne da kansu ke yanke hukunci a kan kuskurensu. Wanda ya ci amana a fili an san shi, wanda ya yi gaskiya ma an san shi. Mutanen da suka yi shekaru suna auna juna a wannan ma'auni su ne daga baya suka zauna a majalisa ɗaya a Kaduna.

4.4 Harshe

Ga masu nazarin harshe, wannan ita ce al'adar da ta fi jan hankali. Kwalejin Katsina ta yi suna wajen koyar da furucin Ingilishi. Malamai sun matsa wa ɗalibai a kan lafazi da karatu a bayyane, har ya zama ana gane tsohon ɗalibin kwalejin da zarar ya buɗe baki. Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, shi ne misalin da aka fi sani. Ingilishi ya zama kamar rigar sarauta: shi ake sawa a aji da wurin taro, shi ne kuma ke bambanta ɗan kwaleji da sauran jama'a.

Sai dai Ingilishi bai kori Hausa ba. Hausa ita ce harshen birnin da kwalejin take, harshen kasuwa da na maƙwabta, ita ce kuma ta fi kowane harshe na gida yawan masu ji a tsakanin ɗaliban. Sakamakon wannan zama ya fito fili a 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. A cikin littattafai 5 da aka buga daga gasar, aƙalla 3 sun fito daga mutanen kwalejin: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na malaminsu Bello Kagara. Jarumin Ganɗoki mayaƙin Kontagora ne na zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda Turawa suka ci garinsa a 1901. Ke nan malamin kwalejin Turawa ne ya rubuta labarin wanda ya yaƙi Turawa, da haruffan da Turawa suka kawo. A watan Janairu na 1939 kuma Imam ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kwalejin da aka kafa don ta ƙware da Ingilishi ita ce ta ba rubutun boko na Hausa manyan marubutansa na farko.

Kalmomin rayuwar makaranta ma suna ɗauke da wannan tarihi. Abubuwan da suka shafi karatu kansa sun riƙe tsofaffin sunayensu na makarantar allo, mafi yawansu daga Larabci: allo, alƙalami, tawada, darasi, ɗalibi, malam, jarrabawa. Waɗanda suka shafi muƙami da tsari kuwa daga Ingilishi aka aro su: hedimasta, monita, kyaftin, siniya, juniya, fareti. Wato Bahaushe ya ga karatun a matsayin abin da ya riga ya sani, tsarin mulkin makarantar ne baƙo. Kalmar "gida" kuwa ba a are ta ba, faɗaɗa ma'anarta aka yi, shi ya sa ta fi sauran shiga zuciya.

4.5 Bukukuwa

Shekarar makaranta a zamanin Turawa tana da ranakunta na musamman. Akwai ranar Daular Ingila, 24 ga Mayu, wadda makarantun gwamnati suka riƙa yi da fareti da wasanni. Akwai gasar gidaje da ranar raba kyaututtuka, inda sarakuna da manyan jami'ai kan halarta. A gefe guda kuma akwai salloli biyar da Juma'a da azumi da idi, waɗanda suka haɗa ɗalibai a sahu ɗaya ba tare da la'akari da aji ko gida ba. Bayan samun mulkin kai a 1960, ranar Daular Ingila ta kau, faretin ya koma 1 ga Oktoba da ranar yara ta 27 ga Mayu. Tuta ta sauya, sahu bai sauya ba.

Dandalin wasan kwaikwayo shi ma ya zama wurin haɗuwa. Aminu Kano, wanda ya yi karatu a kwalejin daga 1937 zuwa 1942, ya rubuta wasanni da Hausa tun yana ɗalibi, daga cikinsu akwai Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? Wasannin nasa suna sukar zalunci da ha'inci. A nan ne aka fara ganin cewa al'adun da aka shirya don koyar da biyayya za su iya zama makamin tambaya.

5.0 Daga Katsina Zuwa Zariya

A 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, aka kira ta Kwalejin Kaduna. A 1949 ta koma Zariya, inda daga baya ta zama Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sa'an nan a 1971 aka sa mata suna Kwalejin Barewa, daga dabbar da ke jikin tambarinta. Takenta karin maganar Larabci ne, man jadda wajada, wato wanda ya yi ƙoƙari zai samu. Gari uku, suna fiye da uku, amma tsofaffin ɗalibai suna ɗaukar ta makaranta ɗaya. Abin da ya riƙe wannan ɗayantaka ba gini ba ne, domin an bar ginin a Katsina, inda aka ayyana shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959. Lamba da gida da fili ne suka yi ƙaura tare da ɗalibai.

A 1939, da ƙarfafawar shugaban kwalejin E. L. Mort, aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Ba ta yi nisa ba a karon farko, domin sarakuna da wasu jami'an mulki ba su saki jiki da taron 'yan boko ba. Duk da haka ta nuna hanya. Taron tattaunawa na Bauchi da aka fara a 1943 ya haɗa Sa'adu Zungur da Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, dukkansu 'ya'yan kwalejin. Lokacin da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, manyanta da yawa sun riga sun san juna tun suna samari. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar nan ta fara tafiya ne tun daga tsakar gidajen ƙasa na Katsina.

6.0 Ranar da Zumuncin Ya Yi da Tabon da Ya Bari

Ba a musun cewa zumuncin kwalejin ya taimaka wajen haɗa Arewa. Larduna da masarautun da ba su saba zama inuwa ɗaya ba sun sami mutanen da suka yarda da juna, suke magana da harshe ɗaya. Firimiyan Arewa da Firayim Ministan Nijeriya da Gwamnan Arewa na farko ɗan ƙasa, Kashim Ibrahim, duk a Katsina suka yi karatu. Shugabannin Nijeriya 5 sun bi ta wannan makaranta: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979, uku daga cikin 'yan takara 5, wato Shehu Shagari da Aminu Kano da Waziri Ibrahim, tsofaffin ɗaliban Kwalejin Kaduna ne, kowanne da jam'iyyarsa. Wannan ya nuna cewa zaman gida ɗaya bai hana saɓanin ra'ayi ba, sai dai ya samar da mutanen da suka san juna ciki da bai ko da suna adawa.

Amma kowace katanga da ta tara na ciki ta ware na waje. Kwalejin Katsina ta maza ce zalla, kuma sai a 1956 aka buɗe makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnatin Arewa a Ilori, wato shekara 35 bayan Katsina. An kuma kafa ta ne don masarautun Musulmi, saboda haka al'ummomi irin su Kambari da Dukawa da Dakarkari, waɗanda ke da yawa a ƙasar Kontagora da kewayenta, ba su ne aka yi tsarin dominsu ba. Sai a zamanin Zariya ne aka ga irin su Gowon, Kirista ɗan ƙabilar Angas, sun shiga har sun yi fice. Daɗin daɗawa, ƙanƙantar da ta sa zumuncin ya yi ƙarfi ita ce ta jawo wa Arewa ƙarancin ma'aikata. Mutum 20 a shekara za su iya zama dangi, amma ba za su iya cika ofisoshin yanki guda ba. Giɓin ilimin boko da ke tsakanin Arewa da Kudu a lokacin samun mulkin kai yana da alaƙa da wannan siyasa ta horar da 'yan ƙalilan.

Akwai kuma haɗarin tattara ƙwai a kwando ɗaya. A daren 15 ga Janairu, 1966, an kashe Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Zakariya Maimalari, dukkansu 'ya'yan wannan makaranta. Wanda aka naɗa Gwamnan soja na Arewa bayan haka, Hassan Usman Katsina, shi ma ɗanta ne. Rashin ya zama na gida ɗaya, gadon ma ya zauna a gida ɗaya.

7.0 Kammalawa

An ga yadda wata kwaleji da ba ta tara mutum 400 ba a shekara 20 ta gina zumuncin da ya daɗe fiye da gininta da sunanta. An ga kuma cewa lamba ta zauna a gurbin wa da ƙane, gida ya zauna a gurbin tsangaya da unguwa, fili ya zama ma'aunin hali, harsuna biyu kuma suka raba aiki a tsakaninsu. Malaman da kwalejin ta yaye sun kai wannan tsari makarantun midil da kwalejojin horon malamai na larduna, daga can ya gangaro zuwa makarantun da aka kafa daga baya, har da kwalejin horon malamai ta Tarayya da aka buɗe a Kontagora a 1978 da ƙananan sakandarorin garuruwa irin su Nasko.

Sai dai al'adun nan suna da sharaɗi guda, shi ne yara su iya zama tare cikin aminci, iyaye kuma su iya sakin 'ya'yansu. Ranar 17 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da ɗalibai 27 tare da wasu ma'aikata da iyalansu. An sako su bayan kwana 10, gwamnatin Jihar Neja kuma ta rufe makarantun kwana a wasu ƙananan hukumomi. Garin da ya ba Kwalejin Katsina malaminta na Larabci, ya ba adabin Hausa Ganɗoki da Ruwan Bagaja, shi ne garin da aka shiga ɗakin kwanan ɗalibai da bindiga, shekara 100 cif bayan fara karatu a Katsina. Idan makarantar kwana ta gagara, yaron Nasko da na Bida da na Borno ba su da inda za su ci a akushi ɗaya. Kalmar "gida" za ta ci gaba da fita daga bakin ɗalibai a ranar gasa, amma aikin da ta yi a 1921, na mayar da baƙo ɗan'uwa, sai an kwana an tashi tare yake yiwuwa.